Wuyan jita da sautinta: abin da masana suka tsayar

Game da jitar lantarki mai ɗauke da sunan mawaƙi, akwai shawarar a duba haɗin wuya, wato yadda aka haɗa dogon hannun jitar da gangar jikinta, kafin a duba sunan. Jitar Stratocaster ta makaɗi Eric Clapton da kamfanin Fender ya fitar a 1988 sukurori huɗu ne ke riƙe wuyanta, sautinta na fita da kaifi. Jitar Les Paul ta kamfanin Gibson irin ta makaɗi Slash kuwa da gam ake manna wuyan, ana cewa sautinta ya fi kauri da jan numfashi.

Sai dai da yawa sun ce an cika zuzuta wannan bambanci. Tsawon tsirkiya, inci 25.5 a Fender da 24.75 a Gibson, da kuma maganaɗisun da ke ɗaukar sauti sun fi tasiri. Wuyan sukuru da ya zauna daram ba rata ya fi na gam da aka yi wa haɗin ganganci.

In tsirkiya na gogar ƙarafan wuya, a sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan da rubu'in juyi, a jira katako ya zauna. Kan wuyan Les Paul, inda ake ɗaure tsirkiya, na saurin karyewa in ta faɗi, saboda lanƙwasar da aka yi masa.