Tsakiyar birni a ƙasar sanyi: a kai jama'a ƙarƙashin ƙasa, ko a gyara musu titi?

Sadiq, Agege

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masana tsara birane. An ba mu aikin aji, mu kwatanta tsakiyar wani birni mai tsananin sanyi da tsibirin Legas, daga Marina zuwa Idumota. Duk inda na duba sai in ga ana yabon hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Montiriyal da Toronto a Kanada. Shin su ne maganin sanyin? In ba su ba ne, me ke sa mutum ya yarda ya fito kasuwa ana digiri 20 ƙasa da sifili? Kuma akwai abin da Legas za ta ɗauka a ciki?

Injiniya Bala, Obalende

Wa alaikumus salam, ƙanina. Suna aiki, amma a lura da sharaɗinsu. Ta Montiriyal ta faro ne a 1962 daga ginin Place Ville Marie, ta bunƙasa bayan buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1966, yanzu ta kai kimanin kilomita 32. Ta Toronto ma ta haura kilomita 30. Wasu biranen sama suka hau: Miniyafolis a Amurka tana da rufaffun gadoji tsakanin benaye kusan kilomita 15, Kalgari ta Kanada kuma nata suna ƙafa 15 daga ƙasa, shi ya sa ake ce musu Plus 15.

Abin da ya raya ta Montiriyal shi ne tashoshin jirgi. Mutum ya sauka daga jirgi yana cikin hanyar, ga jama'a da yawan da za su cika sama da ƙasa. Inda jama'a ba su kai haka ba, an raba kasuwa ɗaya ne gida biyu. Masu aikin ofis su bi ta sama da kuɗinsu, shagunan bakin titi su rasa ciniki su rufe, titi ya zama bango da ƙofar gareji. Sannan yawancin gadojin a hannun masu benaye suke. Kowa da lokacin da yake kulle ƙofarsa, kuma mai gadi yana iya korar wanda bai yi masa ba. Da yamma ko ƙarshen mako sai ka tarar sama a kulle, ƙasa ba kowa.

Ka sa birnin Winifeg na Kanada a cikin aikinka. A 1979 aka hana masu tafiya a ƙasa ƙetare mahaɗar Portage da Main, aka tura su ƙarƙashi. A 2018 aka yi ƙuri'a, mafi rinjaye suka ce a bar ta a rufe. Amma shimfiɗar da ke hana ruwa shiga rufin hanyar ta tsufa, kuma ba a gyara ta sai an tone titin gaba ɗaya. Da aka ga kuɗin, a 2025 aka sake buɗe mahaɗar. Duk wanda zai gina ƙarƙashin titi ya rubuta kuɗin wannan tonon tun ranar farko.

Hajiya Rabi, mai zanen gine-gine, Idi-Araba

Injiniya ya gama da ƙarƙashin ƙasa, bari in ɗauki titin kansa. Sadiq, ɗana, ma'aunin sanyi ba ya canzuwa da zane, amma rana da iska suna hannun mai zane.

Fara da lissafin rana. Tsayinta da tsakar rana a 21 ga Disamba shi ne digiri 90, a cire layin da garin yake arewa da tsakiyar duniya, a cire 23.4. Edmonton ta Kanada tana kan 53.5, saura digiri 13 ke nan. A wannan kusurwa inuwa takan ninka tsayin gini sau huɗu da ɗan ɗori: bene mai mita 60 zai jefa inuwar kusan mita 260. Shi wannan benen a Legas, inda rana ke digiri 60 a ranar, inuwarsa mita 35 ce kacal. Saboda haka a titin da ya miƙe gabas da yamma, gefen arewa ne ke samun rana. Nan ake sa benci da wurin shan shayi, a kuma rage tsayin benayen da ke gefen kudu. Dandalin da aka sa a arewacin dogon bene zai yi watanni bai ga rana ba, ƙanƙararsa ba ta narkewa, kowa kuma ya ƙaurace masa.

Iska ta fi cutarwa. A digiri 20 ƙasa da sifili, iska mai gudun kilomita 30 a awa tana sa jiki ya ji kamar 33 ne ƙasa da sifili, kuma fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Dogon bene mai fuska a miƙe yana tare iskar sama ya zubo ta ƙasa, ta fi tsanani a kusurwa da kuma ratar da ke tsakanin benaye biyu. Maganinsa a gina gindi mai faɗi, hawa uku zuwa shida, sannan a ja hasumiyar baya. Ƙa'idar Toronto ta 2013 ta ce a ja ta aƙalla mita 3, a bar mita 25 tsakanin hasumiya da hasumiya, faɗin kowane hawa kada ya wuce murabba'in mita 750. Iskar sai ta sauka a rufin gindin, ba a kan mai tafiya ba. Manyan benaye kuma akan gwada ƙaramin samfurinsu a ɗakin gwajin iska kafin a ba da izini.

Itatuwa: masu zubar da ganye a kudu, don su ba da inuwa da zafi su saki rana da sanyi, masu ganye duk shekara a ɓangaren da iska ke fitowa. Edmonton ta tattara irin wannan a tsarinta na 2012 da littafin ƙa'idojin 2016, har da fitilu da launi, don a Disamba rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi.

Malam Garba, Mile 12

Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ni ƙasa zan duba, don zane mai kyau yakan mutu a bakin kwata.

Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kashi 9 cikin 100. Ya shiga tsagar kankare, ya daskare da dare, ya narke da rana, a hankali fuskar ta ɓare. Shi ya sa ake zuba maganin da ke sa ƙananan kumfan iska a kwaɓin, kashi 5 zuwa 7 cikin 100, don ruwan ya sami inda zai buɗa. Ƙasa mai laushi mai riƙe ruwa kuma takan ɗaga dakalin masu tafiya a gefen titi ta karya shi, dole a kwashe ta a zuba tsakuwa mai tsane ruwa. Harsashi da bututun ruwa sai sun wuce zurfin da sanyi ke kaiwa. A Miniyafolis harsashi ba ya kasa inci 42.

Dusar ƙanƙara tana buƙatar mazauni. A bar zirin mita ɗaya da rabi zuwa biyu a bakin titi inda gireda za ta tura ta, a bar hanyar ƙafa kusan mita biyu ba sanda ba benci, don ƙaramar motar shara ta wuce. Montiriyal, da ke samun kusan mita biyu a shekara, loda ta take yi a tifofi a kai juji. Gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara yana aiki zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili, bayan nan sai yashi ko gishirin kalsiyam. Yawansa kuwa yana cin rodin cikin kankare, ya kashe itatuwa, ya gurɓata rafuka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa bakin magudana a ƙasa da maƙetara. Narkakken ruwa ya taru daidai inda ake sauka daga dakali, ya daskare, tsoho ya faɗi ya karye. A sa shi sama da maƙetarar, dakalin ya karkata kashi 2 cikin 100.

Akwai masu ɗumama dakalin ma. Garin Holland a jihar Mishigan ta Amurka yana yi tun 1988 da ruwan ɗumin tashar lantarki, Rekyabik ta Aisland kuma da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa. Bututun roba ake shimfiɗawa, tazarar santimita 15 zuwa 30, kimanin santimita 5 daga fuska. Yana cin wat ɗaruruwa a kowane murabba'in mita, don haka bai dace ba sai inda ake da zafin da dama zubar da shi za a yi. A kuma sa magudana a inda ɗumin ya ƙare, in ba haka ba nan ƙanƙara za ta yi tudu.

Sadiq, Agege

Na gode ƙwarai, iyayena. To ɓangaren Legas fa?

Hajiya Rabi

Lissafin ɗaya ne, sai dai ka juya shi. Su rana suke nema, mu inuwa. Su iska suke tarewa, mu tamu ta teku daga kudu maso yamma so muke ta ratsa, don haka kada a jera benaye a Marina kamar katanga. Ƙarƙashin ƙasa kuwa ka cire shi: a tsibirin ruwa yana kusa, ga ruwan Yuni da Yuli, hanyar za ta dogara ga famfo, famfo kuma ga wuta. Gadojin ƙafa na titin Ikorodu sun nuna wani darasin: mai dako da kaya a ka, ko mai tura kura, ba zai hau matakala sama da mita biyar ba in yana da wata hanya. Abin da za ka ba da shawara shi ne baranda mai haɗe daga gini zuwa gini, irin wadda tsarin Singafo na 1822 ya wajabta, faɗin ƙafa biyar. A cunkoson Balogun ƙafa biyar ta yi kaɗan. Ka zana mita uku, ka ware wa masu kasa kaya mita ɗaya a ciki, sannan ka nuna kwata mai murfin da ake ɗagawa a yashe.