Na ɓoye masa rasuwar ƙaninsa har gari ya waye, na yi laifi?

Maman Uku:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema abin nan ya tsaya min a rai. Hutun yara da ya wuce muka fita shan iska ni da maigida da yaranmu, kwana biyu za mu yi a bakin wani tafki har da tanti muka kafa, tun bara suke damunmu da maganar. Daren farko wajen ƙarfe 10 wayarsa na hannuna na sa ta caji a mota, sai yayarsa ta kira tana kuka wai ƙaninsu ya yi hatsari, ko shurawa bai yi ba. Na ɗago na hango shi yana nuna wa autarmu taurari suna ta dariya, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Tafiyar awa biyar ce, shi ya tuƙo mu kuma tun asuba bai runtsa ba, na san halinsa da ya ji zai ce kowa ya shiga mota. Sai na kashe wayar na kwana ina kuka cikin bargo, da asuba na faɗa masa. Mun samu jana'iza amma yau sati uku daga gaisuwa ba ya ƙara komai, ya ce na bar shi yana ƙyalƙyala dariya gawar ɗan uwansa na kwance. Ita kuma autar shekararta 4, kullum sai ta tambayi Baffa, na ce mata ya yi tafiya.

Tsohon Direba:
Allah ya jiƙansa. 'Yar uwa ni dai ban ga laifinki ba. Mota a gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, mutum ya yi gyangyaɗin daƙiƙa 3 ya wuce mita 80 ido a rufe, balle ga gajiya ga hawaye ga duhu ga yara uku a baya. Da gawa nawa za a kai wa tsohuwar?

Yaya Babba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki yi haƙuri ƙanwata amma ni zan faɗa miki gaskiya, hana shi tuƙi daidai ne, ɓoye masa ne ba daidai ba. Da kin ja shi gefe kin faɗa masa sannan kin riƙe makullin, ko faɗa ne a yi. Kuma kashe wayar nan ya fi komai ciwo, kin san wa ya neme shi a daren? Ƙila mahaifiyarsa muryarsa kawai take son ji. In za ki ba shi haƙuri kar ki haɗa da "ai don kai na yi", ya riga ya sani, ba shi ne ke cin sa ba.

Malamar Yara:
Ni maganar autar ce ta dame ni. Ki janye zancen tafiya, kar kuma ki ce barci yake, wasu yaran sai su fara tsoron kwanciya ko su ƙi yarda babansu ya fita. Yaro ƙasa da shekara 5 bai gane mutuwa ba a dawowa, za ta yi ta tambaya sau goma, ki ba ta amsa ɗaya: Baffa ya rasu, ba zai dawo ba, muna masa addu'a. Ko ta ga hawayenku ba komai, Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Maman Uku:
Na gode duka. Yaya Babba kin taɓo inda yake min ciwo, da muka kunna wayar saƙonnin Mama ne suka fara shigowa, kuma har yau ban iya haɗa ido da ita ba. Yau da daddare in sha Allah zan same shi. Hotunan tafkin ma suna nan a wayata, jiya babban yaronmu ya ce in nuna masa na ce caji ya ƙare.