Biyan lokotoro gwargwadon aikinshi, zai yi a nan kuwa?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a, tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya. Wani ɗan'uwana da ke Amurka ya ce min can inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, maki take ba lokotoro daga 0 zuwa 100, in ka kasa 75 a zabge maka har kashi 9 cikin ɗari na kuɗɗin da take biyanka, in ka wuce a ƙara maka. Ni dai na ce da za a kawo abin ga nan Tawa da mun huta da masu zuwa aiki ƙarfe goma. Ko ya kuka gani?

Inna Sajfam:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a kai ga maki a biya bashi tukuna. Tun 2006 aka ce yara ƙasa da shekara 5 kyauta, awon ciki kyauta, mu yi aiki mu cika takardu mu aika gwamnati ta maido kuɗɗin, to faktir sai ta yi wata da watanni shiru, farmasi ta bushe, uwa ta zo da yaro jiki zafi rau ka rubuta mata ordinansi ta tafi waje ta saya, ita kuma gani take ke kika ɓoye maganin. Da mi za a auna ni in ko maganin masassara babu a kanta?

Malam na Yamai:
Abin da ɗan'uwanka ke faɗi MIPS sunanshi, dokar 2015 ta kawo shi, an fara 2017. Amma bai gaya maka duka ba. Aikin bana sai bayan shekara 2 kake ganin ƙari ko ragi, kuma ƙarin daga aljihun waɗanda aka zabge ake ɗebo shi. Ana duba ingancin aiki, tsadar jinya, dosiye a kwamfuta da gyaran tsarin aiki, kenan babban asibiti mai ma'aikatan da ba su da aiki sai cika rapor shi ke kwashe maki, ƙaramin lokotoro mai duba talakawa ya sha ƙasa. Har kwamitin da ke ba majalisarsu shawara, MedPAC, a 2018 cewa ya yi a soke shi.

Majo Daji:
Malam ba sai an je Amurka ba, mu FBP muka sani, wato biyan asibiti gwargwadon sakamakon aikinshi, Ruwanda da Burundi sun daɗe da shi. Kowace haihuwa, kowane yaro da ya gama rigakafi da kuɗɗinshi, masu bincike su zo su buɗe rejis su ɗauki sunaye su bi har ƙauye su tambaya ko da gaske an zo. Gaskiya yana tada mutane, prim, wato ƙarin kuɗɗin da ake ba ma'aikata, ba wasa ba. Amma abin da ba a biya sai a yi mishi riƙon sakainar kashi, tsoho mai hawan jini ya yi ta zama kan banci. Kuma kar a haɗa CSI, wato ƙaramin asibiti, na cikin gari da na wajen Abalak, inda ka yi ma yaro allura ta farko, lokacin ta biyu iyayen sun tashi da bisashe sun yi arewa. Laifin wa?

Ɗan Ader:
Inna ki yi haƙuri, ban san bashin ya kai haka ba. Majo to prim ɗin in ya zo, da mai shara da gardi ake rabawa ko ku kaɗai?