Takalmin hokin ƙanƙara da kayan kariya na yara: yadda ake zaɓa da gwadawa

Maman yara, Edmonton:
Assalamu alaikum. Yarona mai shekara 7 zai shiga rukunin U9 ('yan ƙasa da shekara 9) na hokin ƙanƙara idan kaka ta kama, kuma ƙungiyar ta turo dogon jerin kayan da za a tanada. Lamba 2 yake sawa a takalmin makaranta. Don Allah waɗanda suka san harkar su taimaka: wace lamba zan ɗauko, me za a iya saya na gwanjo, me kuma sai sabo?

Mai shagon washi, Winnipeg:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara da takalmi, domin nan ne kuɗin iyaye ya fi salwanta. Lambarsa ba ta tafiya da ta takalmin titi, ana sauka da lamba ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai sa 2 a makaranta, a fara gwada masa 1. Kuma a ajiye ɗabi'ar nan tamu ta kayan Sallah, ta a sayo da girma ya girma ya tarar. Idan takalmin ya yi yawa, dunduniya tana ɗagawa duk taku, idon sawu ya karkata ciki, ƙafa ta yi bororo. Sai ki ji ana cewa yaron ba shi da ƙarfin ƙafa, alhali takalmin ne bai riƙe shi ba.

Ga yadda ake gwaji. Ya sa siririyar safa guda ɗaya, wadda zai riƙa wasa da ita. Safa mai kauri ko biyu a haɗe suna ɓata awo, kuma ba sa ƙara ɗumi idan sun matse jini. A sassauta igiya gaba ɗaya, ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa bakin takalmin, ya ɗan durƙusa. Ki zura yatsa ta bayan dunduniyarsa. Yatsa ɗaya ya shiga da ɗan matsi, to akwai wurin girma na kaka guda. Biyu suka shiga, ya yi yawa. Idan yaro ya kasa faɗin abin da yake ji, a zaro shimfiɗar cikin takalmin a ajiye a ƙasa ya taka: abin da ya rage gaban babban yatsa kada ya wuce faɗin yatsa ɗaya.

Daga nan ya buga dunduniya a ƙasa ta zauna a mazauninta, a ɗaure. A tsaye yatsu su ɗan shafi gaba, da ya lanƙwasa gwiwa su janye. Sai gwajin fensir, wanda yawancin mutane ke tsallakewa: a kwance igiya, a ja harshen takalmin gaba, a ɗora fensir a gicciye kan rami na uku daga sama. Idan fensirin ya zauna a gefe biyu na takalmin, zurfin ya isa. Idan ya hau kan ƙafa yana lilo, takalmin ba shi da zurfin da ƙafar ke buƙata, kuma igiya za ta riƙa cizon jijiyar gaban idon sawu. Faɗi kuma da haruffa ake nuna shi, D na matsakaiciyar ƙafa, EE na mai faɗi. A manyan lambobi kamfanin kayan hoki na Bauer na amfani da Fit 1, 2 da 3. Mai faffaɗar ƙafa a nema masa EE, ba a ƙara lamba ba.

Kocin 'yan U11, Ottawa:
Malam ya gama magana kan awo. Abin da zan ƙara shi ne tauri. Takalman da ake tallatawa da tsada an yi su ne don ƙato mai nauyi da gudu. Yaro mai kilo 25 ba zai iya lanƙwasa irinsu ba, sai ya riƙa tafiya a miƙe, gwiwa ba ta gaba. Na masu koyo ko na tsakiya ya fi masa.

Ɗauri ma yana da ƙa'ida. Wajen yatsu a bar shi da sauƙi, a tsakiya a ɗan matsa, a ramuka uku na wajen idon sawu a ja sosai. Kada a zagaya ragowar igiya a bayan ƙafa, yana karya takalmin kuma yana hana lanƙwasawa. Idan igiyar ta yi tsawo a sayi gajeriya. Akwai mai kakin zuma a jiki, ba ta sassautawa tsakiyar wasa.

Maman yara, Edmonton:
Na gode. Na ji ana cewa ana gasa takalmin. Zan iya yi a tandar kicin?

Mai shagon washi, Winnipeg:
A'a, Hajiya, kar ki yi. Shagunan kayan hoki suna da tasu tanda mai zafi kusan digiri 80 na ma'aunin Celsius, na 'yan mintuna kaɗan. Ta gida zafinta ba ya tafiya daidai, tana iya sakin gam ko ta narkar da robar da ke riƙe ƙarfen sulɓi na ƙasan takalmin. Bayan an fito da shi yaro ya sa yana zaune, a ja igiya zuwa gefe ba sama ba, domin ramukan sun yi laushi suna iya yagewa. Ya zauna minti 10 zuwa 15 ba tare da ya miƙe ba, sannan a bar takalmin ya kwana kafin a hau ƙanƙara. Na masu koyo mafi araha galibi ba a yi su don gashi ba, ki tambaya kafin a sa.

Sai washi. Sabon takalmi ba ya zuwa da kaifi, dole a yi masa kafin ranar farko, in ba haka ba yaro zai yi ta zamewa gefe. Ƙasan ƙarfen ba shafaffe ba ne, akwai ɗan kwari a tsakiya da kaifi biyu a gefe. Rabin inci shi ne wanda aka saba yi, kuma ya dace da mai farawa. 3/8 ya fi zurfi, yana cizon ƙanƙara sosai amma yana rage sulɓi. 5/8 ya fi sulɓi, riƙonsa kaɗan. A sake washi bayan kamar awa 10 zuwa 15 na wasa, ko nan take idan ya taka siminti. Don a gane ko aikin ya yi kyau, a kifa takalmin a ɗora kwabo a kan ƙarfen: ya karkata, kaifi ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a mayar wa mai shago. Hular roba mai tauri da ake rufe ƙarfen da ita ta tafiya ce kawai. Idan aka ajiye takalmi da ita danshi ya taru, tsatsa ta ci ƙarfen. A goge da tsumma, a sa ta yadi.

Alƙalin wasan yara, Minnesota:
Ni kan yaro ne abin da nake dubawa. Hular kwano ita ce abu ɗaya da nake cewa a sayi sabuwa, domin ta gwanjo ba ka san irin bugun da ta sha ba, kuma soson ciki yana taurare da shekaru. A duba tambarin tabbatar da inganci: a Kanada sai mai tambarin CSA, a Amurka mai tambarin HECC, wanda ke ɗauke da ranar ƙarewar aiki, shekara shida da rabi daga ƙera ta. Kada a ɓamɓare tambarin, kada a yi mata fenti ko a huda ta.

Gaban hular ya tsaya faɗin yatsa ɗaya sama da gira. A buɗe ta zuwa ƙarshe, a sa, a riƙa matsawa har ta kama ko'ina ba tare da ciwo ba. Kafin a ɗaure maɗauri yaro ya girgiza kai: hular ta bi kai, ba ta yi ta yawo ita kaɗai ba. Tsakanin maɗaurin da haɓa yatsa ɗaya. Ragar ƙarfe ta fuska tana da tata lambar daban, ba lallai ta yi daidai da ta hular ba. Haɓa ta zauna cikin kofin raga sosai, sannan saman ragar ya shiga 'yan ƙugiyoyin da ke gefen hular, su ne ke hana ta komawa ta bugi muƙamuƙi. Screw ɗin suna kwancewa, a riƙa dubawa da sukundireba duk wata. Kuma iyaye su sani, hula tana kare kai daga fashewa da yanka, amma babu wadda ke hana girgizar ƙwaƙwalwa ɗungurungum, komai tsadarta.

Makarin wuya ba abin wasa ba ne. Hockey Canada ta daɗe da wajabta mai tambarin inganci na BNQ ga yara. Bayan rasuwar Adam Johnson na ƙungiyar Nottingham Panthers a Ingila a watan Oktoba na 2023, lokacin da ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya, USA Hockey ita ma ta wajabta shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 daga 1 ga Agusta 2024. Ya rufe wuyan duka, kada ya yi sako-sako ya zame ƙasa. Yaran da ke naɗe shi ko cusa shi cikin riga don ƙaiƙayi, a saya masu rigar ciki mai haɗe da shi.

Uwar 'yan mata biyu, Toronto:
Ga masu 'ya'ya mata, da mazan da ke tara gashi: a gwada hular da irin kitson da za a riƙa wasa da shi. Shuku ko duk kitson da ke taruwa a tsakar kai yana ɗaga hular, goshi ya fito fili. Ƙananan kitso da suka kwanta zuwa ƙeya su ne daidai, kuma ban da duwatsun ado, suna danna fatar kai idan an faɗi. Mai sa hijabi ta sa siriri na motsa jiki, marar fil, ta je gwaji da shi. Makarin gaba ma na mata daban ne da na maza, kar a ba ta na yayanta.

Kocin 'yan U11, Ottawa:
Sauran kayan duka dokarsu ɗaya: kada a bar gurbi tsakanin wannan da wancan, domin faifan robar da ake bugawa ya kai gram 170. Makarin ƙwauri da inci ake auna shi, daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa saman takalmi. Ya yi tsawo, takalmin zai tura shi sama, gwiwa ta fita daga kofinta. Wandon ya sauko ya rufa saman makarin gwiwa, ta sama kuma ya rufe ƙoda da ƙarshen ƙashin baya, wurin da masu koyo suka fi faɗuwa a kai. Makarin kafaɗa, yaro ya ɗaga hannu sama. Idan ya shaƙe masa wuya ya yi girma. Na gwiwar hannu ya haɗu da na kafaɗa ta sama, ya haɗu da bakin safar hannu ta ƙasa.

Tsarin sawa: makarin gaba, na ƙwauri, doguwar safa, wando, takalmi, sannan na wuya, kafaɗa, gwiwar hannu, riga, hula, safar hannu. Wanda ya ɗaure takalmi kafin wando zai sake kwancewa. Sanda kuwa, ba takalmi ta kai hanci, da takalmi ta kai haɓa. Yanke ta yana ƙara mata tauri, don haka kar a sayi ta manya a datse wa yaro.

Baban gola, Calgary:
Hajiya, kan gwanjo: wando, makarin kafaɗa, na ƙwauri da na gwiwar hannu duk ki ɗauka na hannu a shagon kayan wasa na Play It Again Sports, shafin saye da sayarwa na Kijiji, ko ranar musayar kaya da ƙungiyoyi ke yi farkon kaka. A duba tsagewar roba da maɗaurin da ya daina kamawa. Na ɗan saɓa da masu cewa takalmi sai sabo. Na yara ƙanana ba sa tsufa kafin ƙafa ta wuce su. A matsa gefen idon sawu da hannu, ya lotse da sauƙi ko yana da karaya, a bar shi. A kuma duba ƙarfen, idan washi ya cinye shi saura kaɗan, kuɗin sauyawa zai cinye rangwamen.

Wanda ɗansa bai taɓa shiga ƙungiya ba ya nemi shirin First Shift na 'yan shekara 6 zuwa 10, ana ba da kayan Bauer daga kai har ƙafa tare da gwaji da darasi shida. Jumpstart da KidSport kuma suna tallafa wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi.

Da an dawo gida a zazzage jakar, a zaro shimfiɗar takalmi, a baza komai ya sha iska. Kayan da suka kwana a jiƙe su ke kawo wari da ƙuraje. Ban da takalmi da hula, sauran suna shiga injin wanki da ruwan sanyi, amma kar a sa su a injin busarwa ko kusa da hita, zafi yana lanƙwasa robar.