Musayar Baitoci: So da Goro

Mai Goro, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ga abin da ya zo mini da hantsi ina yayyafa wa kaya ruwa:

So kamar goro yake, 'yan'uwa,
Ba ya zaƙi in ba a tauna ba.
Na ɗaure huhu tun ina yaro,
Ban ga wanda ya ɗanɗana bai yamutsa fuska ba.
Amma kurɓi ruwa a bayansa,
Ka ji zaƙin da zuma bai kai ba.

Tela, Asawase:
Baba, a gafarce ni, amma mai kaya ba ya kushe kayansa.

Ka yabi goro jawur a faifai,
Ba ka ambaci sankara ba.
Lefe nawa na ɗinka da hannu,
Auren bai ga wata Sallah ba?
Mai so makaho ne a kasuwa,
Ya biya kuɗi bai ɓare ba.

Malama, Nima:
Ikon Allah, yau tela ne ke wa'azin riƙon amana!

Ƙanena, kai da cika alkawari
Ko a hanya ba ku gaisa ba.
"Gobe, Hajiya, jibi, Hajiya,"
Sallah ta wuce ban ɗaura ba.
In aure ya yage, duba ɗinki,
Ba laifin yadi ne kullum ba.

Direba, Mamobi:
Allah ya ƙara basira, Malama. Duk wanda ya karanta wannan ya san cewa alƙalamin yana wajenmu a Ankara, babban birnin Gana, mutanen Aboabo da Asawase na Kumasi kuwa a bar su da kasuwar Kejetiya da cinikinsu.

Ɗalibi, Sabon Zango:
Allah ya gafarta Baba, ba raini ba ne, amma ɗango na huɗu ya karye. Sauran ɗangogin gaɓa 10 ne kowanne, shi kuwa ya kai 15, har numfashin mai rerawa yakan ƙare kafin ya isa amsa-amo. Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara karuruwan waƙar Larabci 15, Ahfash ya ƙara na 16, kuma ban ga wanda zai ɗauki wannan ɗango a cikinsu ba.

Tela, Asawase:
Ni da Baba muna da tamu rigimar, amma yaro ba zai zo daga Ankara da awo a wuya ya gwada dattijonmu ba. Tunda aruli, ilimin awon waƙa, kake ji da shi, ai ba ƙirga gaɓa ake yi kamar kuɗin mota ba, nauyinta da sauƙinta ake dubawa. Sannan wa ya kawo rubutacciyar waƙa ƙasar nan in ba hanyar goro ba? Alhaji Umaru, marubucin waƙa wanda aka haifa a Kano a 1858, Salaga ya zauna cikin fatake kafin ya koma Karaki, inda ya rasu a 1934. A lokacin ina Nima take?

Ɗalibi, Sabon Zango:
Yaya, ko da nauyin aka auna, ɗangon ya fi 'yan'uwansa, kuma malamin da ka ambata masanin aruli ne, saboda haka shaidata ka kawo, ba taka ba.

Mai Koko, Asawase:
Ku yi haƙuri, sai yanzu jikata ta karanta mini, ita ce kuma ta rubuta.

Malam ya rasu shekara bakwai,
Ban daina zuba kofi biyu ba.
Nakan tuna, in mayar a tukunya,
Ban taɓa gaya wa yara ba.

Malama, Nima:
Allah ya jiƙan Malam, Inna, ya sa ya huta. Ɗalibi, ina fata ba za ka ƙirga wannan ba.

Mai Goro, Aboabo:
Amin. Na dawo daga sallar La'asar na tarar an yi ta fama a kan ɗangona. Yaron yana da gaskiya, na rera shi a rumfa har sau uku, kowane karo sai na tsaya shan iska a tsakiya. Ga shi na rage masa tsawo:

Na ɗaure huhu tun ina yaro,
Ban ga mai ci bai ɓata fuska ba.

Tela, na gode da kariya, amma ka lura cewa a yau aka kawo gyaran, a yau kuma na mayar. Malama tana jiran zanenta.