Neman shawara: fita da yara a hanyar rafin Hulls Gulch

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watanmu huɗu da zuwa birnin Boise, a jihar Idaho ta Amurka. Ranar Asabar, 15 ga wata, na ɗauki yara biyu muka bi siririyar hanyar nan ta Lower Hulls Gulch da ke bin gefen rafi. Ba mu yi nisa ba sai ga mai keke ya gangaro da gudu, ya taka birki har ƙura ta turnuƙe, saura ƙiris ya bi ta kan ƙaramar. Ya ɗaga murya yana nuna wani allo, ban gane me yake nufi ba. Har yanzu gabana faɗuwa yake yi. Yaran kuma sun matsa a koma, don sun hango dawaki a wata hanyar. Don Allah laifina ne? Ya zan yi?

Baban Gida: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Hajiya, 15 ga wata kika ce? To nan matsalar take. Wannan hanyar rabon kwana ake yi mata. Ranakun mara, irin su 1, 3, 15, na masu gangarowa da keke ne kaɗai. Ranakun cika kuwa masu ƙafa da masu doki su bi, keke kuma sai mai hawa sama. Ki koma ranar 16 ko 18.

Yaya Babba: Haka ne. Amma maganar dawakin nan ta fi damuna. Yaranmu sun saba ganin doki a hawan Sallah, cikin kiɗa da harbin bindiga, suna zaton kowane doki haka yake. Na nan ba haka suke ba, ko ledar da iska ta kaɗa tana firgita su. In kun haɗu da mahayi, ku kauce ta ɓangaren gangare, kada ku tsaya sama da dokin. Ku gaishe shi da murya, dokin ya ji mutane ne. Kada yaro ya ɓuya bayan bishiya ya fito kwatsam, kada kuma ya miƙa hannu sai mai shi ya yarda. A ƙa'ida mai keke ne ke ba mai ƙafa hanya, su biyun kuma su ba doki.

Ɗan Damagaram: Anti, a sa musu takalmi rufaffe. Tsidau ɗin nan namu na gida yana nan birjik, har tayar keke yake hudawa. Da zafi kuma akwai maciji mai kaɗa wutsiya, kada su cusa hannu cikin duwatsu.

Baban Gida: Na manta: in an yi ruwa, ki duba shafin Ridge to Rivers, masu kula da hanyoyin nan, a Facebook kafin ku fita, suna sanar da halin da hanyoyin ke ciki. Ba a son a taka taɓo, sawun bushewa yake yi ya ɓata hanya.

Maman Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya, in mun fita ranar 18, za ki iya raka mu?

Yaya Babba: In sha Allahu. Mu haɗu a wurin shaƙatawa na Camel's Back ƙarfe takwas, ki taho da ruwa isasshe.