MPV ɗin Hajiya ya hau, mu kai ta wajen likitan zuciya ko mu bari?

Ummu Walid: Assalamu alaikum, dan Allah shawara nake nema. Jiya mun kai Hajiyarmu mustausaf, wato ƙaramin asibiti, nan Hindawiyya aka yi mata tahlil ɗin jini, komai lafiya sai wani layi MPV 12.8 an sa masa H a gefe, alamar ya hau, takardar ta nuna iyakarsa 11.5. Safa'ih ɗinta, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, 240 ne, likita ya ce adadin daidai, ya gyara mata maganin hawan jini kawai ya sallame mu. Tana da suga shekara 9. Ƙanina ya duba intanet wai alamar ciwon zuciya ce ko shanyewar ɓarin jiki, a fara ba ta asfirin. Da bizar ziyara ta zo, ta'amin ɗinta, wato inshorar lafiya, na gaggawa ne kawai, in za mu ga likitan zuciya daga aljihu ne. Mu je ko mu bari?

Ɗan Karantina: Safa'ih? A duba dengi maza, Jidda ce fa. Ni bara nawa sun sauka har 60, na ga lahira kusa kusa.

Ummu Walid: Malam nata ba su sauka ba, girmansu ne aka ce ya ƙaru, kuma ba zazzaɓi.

Maman Ikram: Ƙanwata asfirin ɗin nan ki rufa wa kanki asiri. Maigidana haka wani abokin aikinsa ya ce masa duk wanda ya haura hamsin ya riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum, ya kama sha ba likita ba komai, ga burufen da yake haɗawa saboda ciwon baya, wata huɗu sai bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, yana ɓoye min, ranar da ya yi aman jini a bakin ƙofar banɗaki ni kaɗai ce da yara ƙarfe biyun dare. Leda biyu aka ƙara masa. Igamarsa, takardar zama, ta mutu a lokacin, ɗankunnena na aure da awarwaro na kai kasuwar zinare, har yau ban mayar ba. Shi mai shawarar ko dubiya bai zo ba wlh.

Hajiya Misfala: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri Maman Ikram. Wane asibiti ne?

Maman Ikram: Bar shi kawai Hajiya, in na tuna raina ɓaci yake.

Abu Hanan: Ni a ɗakin gwajin jini nake aiki. MPV matsakaicin girman ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne. Ɓargo ne yake yin su, kwana 7 zuwa 10 suke a jiki, sababbi sun fi girma kuma sun fi saurin manne wa juna, shi ya sa ake yawan ganinsa sama a masu suga, masu ƙiba, masu shan taba da waɗanda suka samu toshewar jijiyar zuciya. A ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumburi in ya tashi sosai ma ƙasa yake yi. Amma shi kaɗai ba a yanke hukunci da shi. Kwalbar nan mai murfi shunayya, ta EDTA mai hana jini daskarewa, in jini ya daɗe a ciki ƙwayoyin kumbura suke, ƙaramin mustausaf da ke tara samfur sai yamma a aika wani wuri lambar takan hau. Injina ma kowanne da awonsa. A sake CBC, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, inda za a auna cikin awa ɗaya ko biyu, a haɗa da HbA1c, gwajin matsakaicin suga, da na kitsen jini, su suka fi gaya miki gaskiyar haɗarinta. Riyal 40 ne CBC.

Ɗan Karantina: 40 a ina? Ni 90 na biya.

Hajiya Misfala: Nan Makka 25 aka yi min a rangwamen azumi. Likitan zuciya 150.

Maman Ikram: 150 na buɗe fayil ne Hajiya, bari ya rubuta eko, hoton zuciya, ki ji.

Baban Sadik: Da girmamawa Abu Hanan, kai jini kake aunawa ba mara lafiya kake dubawa ba. Mai suga da hawan jini ka ce kar ta ga likitan zuciya?

Abu Hanan: Ina na ce kar ta gani? In akwai ciwon ƙirji ko haki ko kumburin ƙafa yau ma a tafi. Cewa na yi ba don wannan lambar ba.

Ɗan Karantina: Hajiya ta zo ta samu kabsa da mandi, har safa'ih sun yi ƙiba, a mayar da ita tuwon dawa 😂

Baban Sadik: Kai komai wasa. Ni abin da ke ci min rai ta'amin ɗin ne, namu na kamfani sai an jira muwafaƙa, wato amincewarsu, kwana uku kafin a yi maka gwajin riyal 60, daga ƙarshe a ce an ƙi.

Maman Ikram: Kai da ka samu ma. Mu kafil wata biyar yana cewa bukra in sha Allah kan sabunta igama, kuɗin kuma ya karɓa tun Rajab.

Ummu Walid: Abu Hanan sake gwajin sai tana azumi ko ko da ta ci abinci?

Hajiya Misfala: Maman Ikram nawa ya karɓa a hannunku? Namu ma ya ƙara bana.